Yadda Ake Juya Mama

Litinin, 3 ga wata, da yamma

Yau na fara wa 'yan aji biyar insha'in bayani, wato rubutun da ke koya wa mutum yadda zai yi wani aiki daki-daki. Na daɗe ina koyar da shi, har bakina ya san hanya ko hankalina ba ya wurin. Na rubuta musu a allo: ki fara sanin wadda kike rubuta wa, ki faɗi aikin da za a yi, ki jera kayan aiki tun kafin a taɓa komai, sannan ki kawo aikin bi da bi. Na ce kowacce ta zaɓi abin da hannunta ya iya, ta kawo min ranar Alhamis.

Daga makaranta na wuce asibiti karɓar sakamako. Likita ta ce in zauna, na zauna. Ta faɗi sunan abin da na taɓo a ƙirjina wancan watan ina wanka. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta ce aiki za a yi, kuma ba a son jan ƙafa. Bayan aikin, hannuna na hagu zai daɗe bai ɗauki abu mai nauyi ba.

Na ce, "Mutum fa, likita?"

Ta ce, "Wane irin mutum?"

Na ce mahaifiyata. Ɓarin jikinta na dama ya shanye tun bara waccan, magana ma ta tafi, sai 'yan kalmomi: to, a'a, Allah. Tun rasuwar maigidana mu biyu ne a gidan. Ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci. In ina makaranta maƙwabciyarmu ce ke zama da ita, amma zama kawai, ita ma tsohuwa ce.

Likita ta ajiye biro ta ce, "Malama, ko bokitin ruwa ban yarda ba, balle mutum."

Na dawo na tarar Mama ta jiƙa shimfiɗa. Na canza.

Talata, 4 ga wata, da rana

Na wanke zannuwan gado. Sun bushe. Na ninke.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

Ƙanina Auta ya dawo daga tafiya, ya ajiye babbar motar kamfani ya zo gaida Mama. Tare suka zo da matarsa, wadda har yau muke kira Amarya, duk da 'ya'yanta sun daɗe da shiga makaranta. Na ja su bakin ƙofa, inda Mama ba za ta ji ba, na gaya musu.

Auta ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Yaya, tun yaushe kika sani?" Sai idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Kai, rufa min asiri. Ba makoki na kira ka ba. Mai kula da Mama nake nema."

Ya fara lissafa 'yan uwa. Wannan tana goyo, waccan mijinta ba zai bari ba, waccan ita kanta sai an kula da ita. Amarya tana jin mu tana ɓare zaren da ya manne mata a zani, don daga shagon ɗinkinta suka taho. Sai ta ce, "Ni zan zo. In ɗauko kekena in kafa a nan. Yara su koma wajen kakarsu ta wajena."

Mama tun tana da lafiya take cewa Amarya ta cika rawar kai, tana shiga ɗaki kamar iska ta buɗe ƙofa. Ni ma ban taɓa musa mata ba. Amma ba wata a ƙasa.

Na ce, "Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Zan rubuta miki komai."

Ta ce, "To, Yaya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Mun yi shawara ba za a gaya wa Mama ba. Wato ni na yanke, su suka bi.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi, ɗakin malamai

Na karɓi insha'in 'yan aji biyar. Wata da suke kira Rediyo, saboda ba ta san kashewa ba, ta rubuta yadda ake canza ƙwan fitila. Na karanta wa aji. A hau kujera, a kama tsohon ƙwan, a murɗe shi, a sa sabo, a sauko. Can a layin ƙarshe ta ce, "Amma kafin duk wannan a tabbata an kashe wuta."

Na ce, "Wanda ya bi takardar nan, kafin ya kai layin ƙarshe an fara zaman makokinsa."

Aji ya fashe da dariya, har da ita. Na ce su rubuta: gargaɗi yana zuwa kafin aikin da ake tsoro, ba bayansa ba. Mai karatu yana yi ne yana karantawa, ba ya leƙa gaba.

Na yi dariya ni ma. Na ji muryata kamar daga wani ajin take fitowa.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Na rubuta wa Amarya. Shafi ɗaya ya ɗauke komai: juyawa, wanka, abinci, magani. Na juyawar ga shi:

"A riƙa juya ta akai-akai don kada kwanciya ta yi mata gyambo. A tsaya a gefen gado, a jawo ta a hankali, a tokare ta da matashin kai, a gyara mata rufa."

Na karanta, na ga ba abin da ya rage. Da ɗaliba ce ta kawo min, da na ba ta maki mai kyau.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Amarya ta zo gwaji. Ta karanta takardar a tsaye, ta ce, "Ai wannan mai sauƙi ne." Na tafi ɗauko ruwan ɗumi. Ina madafa na ji ƙarar Mama, irin wadda ban ji ba tun ranar da ta faɗi.

Na shigo da gudu. Amarya ta kama hannun da ya shanye, da shi ta jawo ta. Na ture ta gefe. Na faɗi maganganu, ba sai na maimaita su ba. Kafaɗar ba ta goce ba, Allah ya tsare, amma Mama ta daɗe tana nishi.

Amarya ta tsaya a jikin bango, takardar a hannunta. Ta ce, "Yaya, takarda ta ce a jawo ta. Ba ta ce ta ina ba. Hannun ne a kusa da ni."

Na ce, "Sai an gaya miki ba a jan hannun da ya mutu?"

Ta ce, "Eh, sai an gaya min."

Ta yafa mayafi ta tafi. Mama ta ƙi cin abinci.

Na sake duba takardar. Rediyo ko ba komai ta sa gargaɗinta a ƙarshe. Nawa babu shi ko'ina.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Kafaɗar Mama ta ɗan kumbura. Na gasa mata.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Na sake dabara. Na ajiye takarda da biro a kan kujera kusa da gado. Duk motsin da na yi sai in tsaya in rubuta, sannan in ci gaba. Mama tana kallona kamar wadda ta samu taɓin hankali. Ashe hannuna yana yin abubuwan da kaina bai san da su ba. Ashe ina murza tafukana kafin in taɓa ta. Ashe ta hagu nake tsayawa kullum, don ta nan take ganin mutum.

Na kuma daina cewa "a yi, a sa, a jawo". Wa zai yi? Amarya ce za ta yi. Na koma "ki". Daga nan rubutun ya canza, don ina ganinta a gabana, da saurinta da awarwaronta. Yanzu ga yadda ya fara:

"Kafin komai: kada ki ja hannun dama, ko da wasa. Ba ya riƙe kansa, kafaɗar tana iya gocewa. Ki cire awarwaro da zobe, fatarta ba ta da ƙwari. Ki tanadi matasan kai, da zani mai tsabta, da man shafawa, ki ajiye inda hannunki zai kai, don in kin fara ba za ki iya sakinta ki je nema ba. Ki murza tafukanki su yi ɗumi. Ki tsaya ta hagunta, ki gaya mata abin da za ki yi, ki jira sai ta ce to. Sannan ki ɗora hannun damanta a kan cikinta. Ki lanƙwasa gwiwar dama. Hannunki ɗaya a bayan kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ki mirgino ta wajenki."

Juyawa kaɗai ta cinye shafi guda. Na kira Amarya a waya na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Yaya," da irin muryar da ke nuna akwai komai. Amma ta ce za ta zo Juma'a.

Laraba, 12 ga wata, da rana, asibiti

Jini, hoto, awon zuciya, layi. Sun sa aikin ranar Litinin ta sama. Wadda ke kusa da ni a benci ta tambaye ni me ya kawo ni, na ce dubiya.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi, ɗakin malamai

Na gaya wa shugabar makaranta. Ta rufe ƙofar ofis, ta riƙe hannuna, ta ce in tafi hutu tun yau. Na ce sai na gama insha'i da 'yan aji biyar.

A aji mun yi kalmomin da ke riƙe wa mai karatu hannu: da farko, sannan, bayan haka, kafin nan, da zarar, daga ƙarshe. Na ce jimla ɗaya, aiki ɗaya; kada a cusa wa mutum aiki uku a numfashi guda. Na ba su aikin gida: kowacce ta miƙa takardarta ga wanda bai iya aikin ba, ta zauna ta yi shiru, ta ga inda zai tsaya yana sosa kai.

Rediyo ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in na ga zai ɓata fa?"

Na ce, "Ki bar shi, in dai ba wuta zai taɓa ba. Inda ya ɓata, nan takardarki ta yi ƙarya."

Ta ce, "Shirun ne zai min wuya, Malama."

Na ce ai kowa ya sani.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Amarya ta dawo, babu awarwaro. Na zauna a kujera na danne tafukana a ƙarƙashin cinya, don kada su tashi. Ta murza hannu, ta tsaya ta hagu, ta ce, "Mama, zan juya ki." Mama ta dube ni. Na kau da kai na kalli taga. Sai can ta ce, "To."

Ta juyu lafiya. Matashin ƙafa ya ɗan karkace, ban ce komai ba.

Wajen abinci ne tambayoyi suka taso. Amarya ta ɗora yatsa a takarda ta ce, "Nan kin ce in ba ta har ta ƙoshi. Yaya zan san ta ƙoshi?"

Sai da na yi tunani. Mama tana datse leɓe ta bubbuga katifa da hannun hagu. Na ƙara.

"Nan kuma kin ce in duba fatarta. In duba me?"

Ja a ƙugu ko a dunduniya, wanda in an danna da yatsa ba ya washewa. Na ƙara. Na kuma ƙara cewa ta riƙa leƙa kuncin dama bayan cin abinci, don loma tana maƙalewa a can Mama ba ta ji ba.

Wannan ban taɓa koya wa ɗalibai ba: bayan kowane aiki a faɗa wa mai karatu alamar da zai gane ya yi daidai. Zan gaya musu Litinin.

Na ce wa Mama za a tura mu kwas na malamai a wani gari, shi ya sa Amarya take koyo. Ta dube ni ta ce, "A'a."

Na ce ba daɗewa zan yi ba.

Ta ce, "A'a."

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Auta ya kawo keken ɗinki, an kafa shi a falo. Gidan ya cika da ƙara. Mama ba ta nuna ta damu ba.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar

Takarda ta yi kauri, sai da na ɗinke ta da zare. Amarya tana karantawa a bakin keke, sai ta tsaya.

Ta ce, "Yaya, me ya kawo lokacin sanyi a nan?"

Na ce ina?

Ta karanta: "In sanyi ya shigo ki riƙa sa mata safa, amma ki cire da rana ki duba dunduniya." Ta ɗago. "Yanzu fa zafi ake. Ga kuma inda kika ce in maganin ya ƙare a koma wajen likitanta, har da kwatancen ofishinsa. Maganin da ke cikin kwabar nan zai kai wata da watanni. Ke kwana nawa za ki yi?"

Na ce rubutu ne, gara ya cika.

Ta ce, "Bai cika ba. Akwai abin da kika tsallake. Ke kika rubuta a gaya mata kafin a taɓa ta. To ga shi za a ɗauke mata ke gaba ɗaya, ba a gaya mata ba."

Na ce hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Ta ce, "Jikinta ne ya shanye, Yaya, ba hankalinta ba. In ta tambaye ni da ido, ni ban iya ƙarya da ido ba."

Na ce ta yi abin da aka sa ta. Ta taka keke da ƙarfi, har allura ta karye.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Na wanke zannuwan gado. Ba su yi datti ba.

Alhamis, 20 ga wata, da hantsi

Darasi na ƙarshe da 'yan aji biyar: kammalawa. Na ce a rufe insha'i da faɗin yadda abu zai kasance in an gama, don mai karatu ya duba nasa ya ga ko ya dace. Fitila ta kama, riga ta goge, maɓalli ya zauna.

Rediyo ta ce yayanta ya bi sabuwar takardarta, kuma yana nan da ransa. Na ba ta maki.

Tawa takardar ba ta da kammalawa. Na zauna da biro har aka kaɗa ƙararrawa. Aikin Mama ba a gama shi, sai dai a miƙa.

Asabar, 22 ga wata, da rana

Na haɗa jaka. Na kwance. Na sake haɗawa.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Yau da yamma zan kwanta a asibiti. Bayan na yi wa Mama wanka na shafa mata mai, na jawo kujera ta hagunta. Amarya ta tsayar da keke ba tare da an ce mata ba.

Na ce, "Mama, ba kwas ba ne."

Na gaya mata yadda abin yake, daga farko. Abin da na taɓo, abin da likita ta ce, abin da za a yi gobe, da abin da zai biyo baya. Na faɗi sunan ciwon da bakina, karo na farko. Ba ta kau da ido ba. Da na gama sai ta ɗaga hannun hagu ta ɗora a ƙirjina, daidai wurin, ba ta ko laluba ba. Tun ranar da aka ɗebi tsoka don gwaji nake kare ɓarin nan in zan rungumo ta. Ashe tana lura.

Hannun ya daɗe a wurin. Leɓenta yana motsi, na san addu'a ce ko da ba ta fita. Sannan ta ce, "To."

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Alhamis, 27 ga wata, da rana, asibiti

An yi. Akwai roba a gefena tana zubar da ruwa. Rubutu a kwance wuya.

Asabar, 29 ga wata, da yamma, asibiti

Likita ta ce sun cire abin da suka gani. Sauran magana sai sakamako ya fito, kuma akwai allurai a gaba, masu wahalarwa. Na ce to.

Auta ya zo da lemo. Ya ce Mama lafiya, ta ƙi abinci rana ɗaya, washegari ta ci. Ya ce Amarya ta manna takarduna a bango da ƙusa, tana ta ƙara nata a gefe da jan allin ɗinki. Na tambaye shi me ta ƙara. Ya ce shi dai ya ga wani wuri an rubuta, "Ba ta son a yi mata shiru."

Talata, 2 ga sabon wata, bayan la'asar, gida

Sun sallame ni jiya. An sa min katifa a ɗakin Mama, ta hagunta. Na duba ƙugunta da dunduniyarta da ido, daga inda nake. Babu ja. An yi mata kitso, an ɗinka mata riga mai buɗewa ta gefen dama, wadda ba sai an ɗaga hannun ba.

Ɗazu na ga lokacin juyawa ya yi, Amarya tana falo a kan keke. Na ce bari in ɗan gyara mata matashi kawai, da hannun dama, ba wanda zai sani. Na lallaɓa na miƙe, na kai hannu.

Mama ta buge min hannu. Ba da wasa ba, har ya yi zafi. Sannan ta juya kai wajen ƙofa, ta tattara bakinta, ta yi ta fama da shi. Na zaci tari ne zai taso mata. Sai ta ce, "Amayya."

Keke ya tsaya.

Tun da ta faɗi ba ta ƙara kalma ko ɗaya a kan kalmominta ukun nan ba. Na sha zama a gabanta ina maimaita mata sunaye, har da nawa. Ban ce na ji daɗi tsantsa ba. Na dai ji.

Amarya ta shigo da gudu, abin awo a wuya, tana cewa, "Wa ya kira ni? Yaya, ke ce?"

Na ce ba ni ba ce.

Ta dubi Mama, ta dube ni, ta goge ido da bakin zani. Sannan ta murza tafukanta ta ce, "Yaya, ɗan matsa, kin tare min hanya."

Na matsa.